Shaihu Muhammadu Al-Kashinawi, Malamin Da Ya Rabu Da Jin Daɗin Gida Domin Ilmi

 

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura ya san abin da a ke nufi da tafiya gabas. Tun zamanin kakanni, da zarar an kawar da amfanin gona, sai a ga gardawa daga Birnin Daura da Zango da Baure da Mai'aduwa da Sandamu sun naɗe buzu, sun ɗaure allo, sun rataya gafaka, sun fuskanci ƙasar Barno domin su ƙware a Alƙur'ani. Al'ada ce mai kyau, kuma ta fitar da alarammomi masu yawa. Sai dai akwai wani zato da ya biyo bayanta, wanda ya zauna a zukatan mutane ko da ba a furta shi da baki. Zaton kuwa shi ne, wai fita neman ilmi aikin yaro ne, ko kuwa na wanda ba shi da abin da zai bari a gida. Mutum in ya sami zaure nasa na kansa, da almajirai goma a gabansa, da iyali da 'yar gona, har an fara ce masa Malam, to, a ganinsa ya sauke kaya ke nan. In aka ce ya sake durƙusawa gaban wani da littafi a hannu, sai ya ga kamar girmansa zai zube.

Tarihin da wannan fili ya ɗauko a makon nan na wani malami ne da ya karya wannan zato tun kusan shekara 300 da suka shige. Ba Badauri ba ne, amma maƙwabci ne na kusa, domin mutumin ƙasar Katsina ne. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, kuma a littattafan Larabawa an san shi da Al-Fulani Al-Kashinawi As-Sudani. Kashinawi dai shi ne Bakatsine a bakin Larabawa, Sudani kuwa a wancan zamani yana nufin mutumin ƙasashen baƙar fata gaba ɗaya, ba ƙasar Sudan ta yanzu kaɗai ba. Har wa yau a kan jingina shi ga garin Ɗan Ranko na ƙasar Katsina, a ce masa Ad-Danrankawi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ƙarancin malamai ne ya kore shi daga gida. Katsinar da ya tashi a cikinta gari ne da ilmi ya riga ya yi saiwa. Tun ƙarshen ƙarni na 15 Shaihu Maghili ya sauka a can, kuma Imamu Suyuɗi ya aiko wa Sarkin Katsina Ibrahim takardar nasiha daga Masar. Bayan da daular Songhai ta faɗi a hannun sojojin Maroko a 1591, sai fatauci da malanta suka ƙara karkatowa gabas, Katsina ta sami rabo mai tsoka. A ƙarni na 17 garin ya yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, kuma hasumiyar Gobarau tana nan tsaye har yau tana shaidar wancan zamani. Wanda ya so ya zauna a irin wannan ƙasa ya yi karatu har ya tsufa, ba wanda zai ce ya gaza.

Malaman da ya yi karatu a wurinsu kafin ya fita, an ambaci huɗu da sunayensu. Akwai Shaihu Muhammadu Alwali ɗan Sulaimanu, malamin Barno da Bagirmi, mai littafin tauhidin nan Al-Manhajul Farid. Akwai Shaihu Hashimu. Sa'an nan akwai biyun da suka fi yi masa tasiri, watau Shaihu Muhammadu Fudu da Shaihu Muhammadu Bindu.

A hannun Shaihu Fudu ne Allah Ya fara buɗa masa. Ya lazimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kuma a kan hanya, domin duk inda malamin ya nufa yana biye da shi. A wurinsa ya karanta mafi yawan littattafan adabi, ya kuma sha nahawu da sarfu har ya ƙoshi. Ya haddace Maƙamat, waɗannan labarai 50 na Hariri waɗanda kowane ɗalibin lugga ya san irin gumin da su ke sa mutum, har ta kai in aka jefo masa kalma ɗaya daga ciki, nan take zai kawo abin da ya gabace ta ba tare da wani tunani ba. Duk wanda ya taɓa hadda ya san kawo abin da ke gaba abu ne mai sauƙi, harshe ma da kansa ya kan zuba, amma komawa baya sai wanda littafin ya zauna masa a ƙirji. Saboda haka malamin ya riƙa kiransa mai Maƙamat. Da ya ƙara nisa a nahawu, sai ya canja masa laƙabi, ya koma ce masa Sibawaihi.

Wannan laƙabi ba ƙarami ba ne, kuma akwai abin lura a cikinsa. Sibawaihi na asali, mai Al-Kitab, wanda har gobe shi ne limamin masu nahawu, ba Balarabe ba ne, mutumin Farisa ne da ya yi karatu a Basra. An ruwaito cewa Hadisi ya fara nema a wurin Hammadu ɗan Salama, sai ya yi kuskuren i'irabi a gaban jama'a, malamin ya gyara masa. Kunyar da ya ji ba ta sa ya koma gida ya ɓuya ba, ita ce ma ta kai shi gaban Halilu ɗan Ahmadu ya faro daga tushe. To, ga wani ba'ajame kuma a ƙasar Hausa, bayan kusan shekara dubu, malaminsa ya ga ya cancanci wannan suna.

A wurin Shaihu Bindu kuwa karatun ya faɗaɗa ƙwarai. Ya karanta usulu da ma'ani da bayani da manɗiƙi, da Alfiyyar Iraƙi a ilmin Hadisi, da littattafan aƙida shida na Imamu Sanusi dukkansu. Ya saurari Sahihul Buhari, da kashi uku cikin huɗu na Muhtasar na Shaihu Halilu, da kimanin sulusin wata manzuma ta ilmin kalam mai baiti 1,500 ta Ibn Zakri, wanda ya yi zamani da Sanusi. Bugu da ƙari, a nan ne ya koyi hisabi da ilmin lokuta bisa tafarkin malaman Magriba, da ilmin haruffa da na hatimi. Wannan sashe na ƙarshe shi ne ya fitar da sunansa a duniya, kuma shi ne ya ke bukatar magana ta musamman in an zo wurinsa.

Akwai wata ɗabi'a tasa da ya kamata ɗalibai su tsaya a kanta. Shi da kansa ya lasafta cikin ni'imomin da Allah Ya yi masa cewa bai taɓa karatu da littafin aro ba. In ya so karanta littafin da ba shi da shi, mafi ƙarancin abin da zai yi shi ne ya kwafe matanin da hannunsa, ya buɗa tsakanin layuka sosai, domin ya sami wurin rubuta abin da ya tsinto daga sharhohi da abin da ya ji daga bakin malami a lokacin darasi. In kuwa hali ya yi, sai ya kwafe har da sharhin da hashiyar. A tuna fa, takarda a wancan lokaci kayan fatake ce, sai ta ƙetaro Sahara a kan raƙumi, tawada kuwa mutum shi zai haɗa abarsa, alƙalami shi zai feƙe. A yau ɗalibi yana iya tara littattafai dubu a cikin wayar hannunsa cikin dare ɗaya, amma a tambaye shi babi ɗaya daga ciki, sai ya fara sosa ƙeya. Shi kuwa wanda ya rubuta littafi da hannunsa ya riga ya karanta shi sau ɗaya tun kafin ya zauna gaban malami.

Yanzu a dubi matsayin mutumin nan. Malaminsa da kansa ya ce masa Sibawaihi. Ya ratsa fannonin da a ke taƙama da su a ƙasarsa, yana da littattafansa na kansa, kuma bisa ga abin da ya faɗa game da kansa, zamansa da iyalinsa yana cikin matuƙar daɗi da daidaito, ba rashi ba husuma. A nan ne yawancin mutane su kan shimfiɗa buzu su zauna, kuma ba laifi suka yi ba. Shi kuwa sai ya nemi izinin malaminsa ya fita aikin Hajji da neman ƙari. Ya bayyana daga baya cewa ya san abin da ya ke sayarwa da abin da ya ke saye: ya ba da hutu da zaman sabo da 'yan'uwa, ya karɓi baƙunci da kewa da ƙunci a madadinsu, kuma ya kafa wannan a matsayin hujjar cewa sha'awarsa ga ilmi ta gaskiya ce. Maganar tana da ɗan ƙamshin alfahari, gaskiya ne, amma wanda ya biya irin wannan farashi ba za a hana shi faɗin nawa ya biya ba.

Ba shi ya fara ba. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, yana Manzo mai Littafi, wanda Allah Ya yi magana da shi, amma da aka sanar da shi akwai wani bawa da ya san abin da shi bai sani ba, sai ya ɗauki guzuri ya nufi mahaɗar tekuna biyu, ya kuma nemi ya bi wannan bawa a matsayin mai koyo, kamar yadda ya zo a Suratul Kahfi. Sahabi Jabiru ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, ya yi tafiyar wata guda zuwa wurin Abdullahi ɗan Unaisu saboda Hadisi ɗaya tak. Har Haɗibul Bagadadi ya keɓe littafi sukutum a kan waɗanda suka yi irin wannan tafiya. Abin da ya haɗa su duka shi ne, ba yunwa ce ta fitar da su ba, kuma ba yara ba ne. Manya ne da suka riga suka sami matsayi, suka yarda su koma ƙasa su zauna.

A nan ya wajaba a rarrabe tsakanin abubuwa biyu da a kan gwamutsa. Fitar babban mutum mai hankali, da izinin malaminsa, da guzurinsa, da sanin abin da ya tafi nema, daban ta ke da ɗaukar yaro ɗan shekara shida a jefa shi birni da ƙoƙon bara, ba mai lura da cinsa ko kwanansa, a ce wai an kai shi neman ilmi. Na farko ya bar jin daɗinsa ne da zaɓinsa. Na biyu kuwa uba ne ya sauke nauyin da Allah Ya ɗora masa ya ɗora a kan titi. Haka nan magidancin da ya tsallake iyali ba ci ba sha ya ce ya tafi karatu, shari'a ba ta yaba masa ba.

Hanyar Makka a ƙarni na 18 ba abin wasa ba ce. Alhajin Daura na yau ya kan hau jirgi a Katsina da safe ya yi Magariba a ƙasa mai tsarki. A wancan zamani hanyoyi biyu ne manya. Ko dai a bi arewa a ratsa Sahara ta Fezzan a ɓulla Masar, ko kuwa a bi gabas ta Barno da Bagirmi da Wadai da Darfur har a kai Kogin Nilu, sa'an nan a nemi Bahar Maliya. Ko wacce mutum ya ɗauka, lissafin watanni ne masu yawa, wani lokaci shekaru, ga ƙishirwa, ga 'yan fashi, ga ciwo, ga sarakunan da sai sun ga dama su ba da hanya. Mai tafiya ya kan yi wasiyya kafin ya fita, iyalinsa kuma su yi masa sallama irin ta wanda ba lalle a sake gani ba. Shaihu Muhammadu ya ratsa masarautu da dama, ya gana da sarakunansu da malamansu, kuma bai mai da hanyar wani abin da za a gaggauta a wuce ba. A wani gari ya tsaya wata biyar cur a wurin wani malami yana karanta littattafan hisabi da ilmin ramli. Wanda a gida a ke kira Sibawaihi, ga shi a garin da ba a san shi ba, ya koma almajiri. Ya kuma rubuta littafi a kan abin da ya same shi a tafiye-tafiyen nasa.

Ya yi aikin Hajji a shekara ta 1142 bayan Hijira, wadda ta yi daidai da 1730, sa'an nan ya zauna maƙwabtaka da Ɗakin Allah na wani lokaci. A Makka ya fara wallafa babban littafinsa, Ad-Durrul Manzum, wanda ya tsara shi a kan gabatarwa da manufofi biyar da rufewa. Bai kammala shi a can ba, sai a Alƙahira, a watan Rajab na 1146, watau wajen ƙarshen 1733. A tsakanin nan kuma ya gama Bahjatul Afaƙ a 1145. Yana da manzuma a ilmin manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wadda ya yi mata sharhi da kansa mai girman gaske, kusan kurrasa 60, ya kira shi Izalatul Ubus. A nahawu kuma, fanninsa na farko, yana da Bulugul Arab min Kalamil Arab.

Bahjatul Afaƙ shi ne littafin da masana lissafi suka fi kulawa da shi, domin a cikinsa ya yi bayanin yadda a ke gina abin da Larabawa ke kira wafƙi, Hausawa kuma su ce hatimi. In aka cire duk wani abin da mutane suka rataya masa, hatimi lissafi ne tsantsa. A zana gida tara, uku a tsaye uku a kwance. A sa 4 da 9 da 2 a layin sama, 3 da 5 da 7 a tsakiya, 8 da 1 da 6 a ƙasa. Duk ta inda aka tara, a tsaye ko a kwance ko daga kusurwa zuwa kusurwa, 15 za a samu. Mai gida biyar-biyar yana ɗaukar lambobi daga 1 zuwa 25, kowane layinsa 65 ne. Mai bakwai-bakwai kuwa 175. Ƙa'idar sanin jimlar ita ce, a ninka adadin gidajen layi ɗaya da kansa, a ƙara ɗaya, a sake ninkawa da adadin, a raba biyu. Sanin jimlar ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce sanin gidan da kowace lamba za ta zauna ba tare da lalube ba. Shaihu Muhammadu ya kawo hanyoyi tsararru na cika hatimin da adadin gidajen layinsa mara ne, watau uku ko biyar ko bakwai har abin da ya yi sama, ciki har da hanyar da a ke tsallake gida biyu gaba a karkata gida ɗaya gefe, kamar tafiyar doki a wasan shaɗaranji. Ya kuma gargaɗi ɗalibin fannin da kada ya yi saurin sarewa, ya kwatanta shi da mai bege, wanda ba ya kai ga muradinsa sai da naci.

To, amma gaskiya ɗaya ce, kuma filin addini ba wurin rufe ta ba ne. Ba domin lissafi kaɗai mutanen wancan zamani su ke neman hatimi ba, kuma Ad-Durrul Manzum littafi ne a kan ɗalasimai da taurari, wanda ya ginu a kan As-Sirrul Maktum da a ke jingina wa Fahrur Razi. Ilmin ramli kuwa shi ne abin da a ke kira bugun ƙasa. Waɗannan abubuwa malamai sun daɗe da yin magana a kansu. Sihiri yana cikin manyan zunubai bakwai masu halakarwa da Hadisi ya lasafta, gaibu kuwa Allah kaɗai Ya san shi. Ibn Haldun a Muƙaddima ya sanya ilmin asiran haruffa a dangin sihiri, kuma Mujaddadi Shehu Usmanu ɗan Fodiyo a Nurul Albab ya yi kakkausan inkari ga masu da'awar sanin gaibu ta hanyar zane a ƙasa ko duban taurari. Girman malami ba ya halatta abin da shari'a ta hana, kuma kowa ana karɓa daga maganarsa ana kuma bari, ban da Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Uzurin da za a iya yi masa shi ne, a zamaninsa hisabi da falaki da waɗannan fannoni a tukunya ɗaya a ke dafa su, daga Katsina har Azhar, kuma manyan malamai da yawa sun shiga ciki suna ganin sashen ilmi ne. Mai hankali a yau zai ɗauki hisabin da a ke raba gado da shi, da ilmin lokutan da a ke gane alƙibla da shigar salla da shi, da nahawunsa da manɗiƙinsa, ya bar sauran. Ba duk abin da matafiyi ya tsinto a hanya ne a ke shiga da shi gida ba. Abin takaici ne ƙwarai a ce masu duba sun fi ɗaliban ilmi sanin sunan wannan bawan Allah, domin Ad-Durrul Manzum an buga shi a Alƙahira ya yaɗu, littafinsa na nahawu kuwa ba kasafai a kan ji an ambace shi ba.

A Alƙahira ya fara zama ne a Darbul Atrak, wata unguwa daf da Masallacin Azhar. Mutanen ƙasashen baƙar fata ba baƙi ba ne a wannan birni, domin tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiya aka gina makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikawa, inda matafiyansu ke sauka, kuma Azhar ta kasance da masaukai na ɗalibai bisa ga ƙasashensu, har da na Barnawa. Duk da haka, Alƙahira gari ne da malami baƙo ya kan ɓace a cikinsa kamar allura a rairayi. Wanda ya zo da taƙamar garinsu, nan da nan ya kan gane ashe kifin rijiya ne.

Shi kam bai ɓace ba. Cikin waɗanda suka gane darajarsa akwai Shaihu Hasan Al-Jabarti, babban malamin Hanafiyya, wanda a Masar ta wancan zamani da wuya a sami na biyunsa a falaki da ilmin awo. Wannan malami, da duk matsayinsa, ya zauna ya karɓi ilmin hatimi da hanyoyin karya lambobi da shimfiɗa su daga Bakatsinen nan. Wanda ya bar gida domin ya zama ɗalibi, sai ga shi manyan Azhar suna ɗalibta a wurinsa. Da ya zauna a zaurensa, da ba shi da yadda zai san nauyin abin da ke hannunsa, domin zinariya ba a sanin kyanta sai an kai ta kasuwar da a ke da ma'auni. Shi ma Shaihu Hasan jikan baƙi ne, kakanninsa daga Jabarti suka zo, a yankin Habasha, saboda haka ya san haƙƙin baƙo. Daga baya Shaihu Muhammadu ya koma gidansa da zama. Daurawa ma ba su bukatar a koya musu wannan, tun da tarihin da suka gada daga bakin kakanni yana ɗauke da labarin baƙon da ya sauka a gidan wata tsohuwa ya nemi ruwa.

Bai sake ganin Katsina ba. Wannan shi ne kuɗin da ya biya, kuma ba shi kaɗai ya biya ba. Iyalin da ya yaba zamansa da su ba su sake haɗuwa da shi a gida ba, ɗaliban ƙasarsa ba su zauna gabansa sun kwashi abin da ya ƙaro ba, littattafan nan kuma da ya kwafa da hannunsa, waɗanda ke tare da shi, a Masar suka tsaya. Ajali ne ya yanke haka, ba a ja da shi. Amma ɗaliban da a ke turawa Azhar da Madina a wannan zamani, waɗanda hanyar dawowa ba ta fi musu 'yan sa'o'i ba, su ba su da irin wannan hanzari in suka ƙi waiwayar garuruwan da suka fito.

Ya rasu a gidan Shaihu Hasan a shekara ta 1154, daidai da 1741, bayan ya naɗa shi wasiyyi a kan abin da ya bari da littattafansa. Shaihu Hasan ya binne shi a Bustanul Ulama, a maƙabartar Mujawirin, ya sa aka rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa a kan kabarin.

Bayan shekara 13, a 1167, aka haifa wa Shaihu Hasan ɗa, aka sa masa Abdurrahman. Yaron bai ga Bakatsinen da idonsa ba. Shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar, wanda ya ga shigowar sojojin Faransa a 1798 ya kuma rubuta labarinta, kuma a littafinsa Aja'ibul Asar ne ya tsara rayuwar abokin mahaifinsa, da malamansa da littattafansa, yana ɗaukowa daga abin da Shaihun ya rubuta game da kansa. A gida kuma Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ambace shi a Infaƙul Maisuri cikin malaman ƙasar nan da suka tafi gabas aka shaida musu da ilmi. Akwai kwafin Bahjatul Afaƙ na rubutun hannu a makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar London, kuma wata malamar lissafi 'yar Amurka, Claudia Zaslavsky, ta yi bayanin hanyoyinsa na gina hatimi a littafinta Africa Counts wanda ya fito a 1973.

Allah Ya jiƙan Shaihu Muhammadu Al-Kashinawi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya saka wa wanda ya sauke shi ya kuma binne shi da alheri, amin.